Bitrus, Ka Wuce Tsohuwa Ba Gaisuwa

Zuwa ga ƙanena Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Mama tana gaishe ka. Ƙafar ce dai har yanzu, amma tana zuwa sujada. Mun girbe masara, gyaɗar bana ma ba laifi. Na rubuta a nan inda kowa zai karanta ne don ban san inda zan aika ba, ko wani ya gani ya kai maka.

Dalilin rubutowa shi ne Rifkatu za ta yi aure. Zan zo kan wannan, amma bari in tuna maka wasan nan tukuna.

Wasan da malaminmu na ƙungiyar matasa ya tsara a coci nake nufi. Kai ne saurayin. Ka ga yarinya sau ɗaya a kasuwa, kafin sati ka ce in ba ita ba rijiya. Rannan ka dawo daga gona ka ji kuka da gangar makoki daga gidansu. Ba ka tambayi kowa ba, ka ruga ka faɗa mayo, wato kogi. Ashe kakarta ce ta rasu.

Ni ce tsohuwar da ke zaune bakin hanya, an shafa mini toka a ka. Daga gidan makokin take, ta san wadda ta mutu. Aikinka kawai ka wuce ni ba gaisuwa. Da saurayin ya rusuna ya ce sannu Kaka, da magana ta ƙare a nan.

Mayon namu shuɗin zanen Mama ne, 'yan mata biyu suna kaɗawa. Ranar wasan ka yi tsalle har ka fasa gwiwa a benci. Ka san mutanenmu ba su iya kallo shiru ba. Matan zumunta suka miƙe suna ta kira, "Kai yaro, tsaya ka gaishe ta!" Rifkatu, wadda ta fito a yarinyar, tana bayan labule tana dariya. Daga ranar ku biyu kuka mai da wasa gaske, kana da shekara goma sha tara, ko gatari naka na kanka ba ka da shi.

A hanyar gida aka yi ta gardama. Malam ya ce ƙaddara ce. Mama ta ce ƙaddarar me, sauri ne ya haifi nawa. Kai kuma ka ce wanda bai taɓa so ba shi ke da lokacin gaisuwa. Na ranƙwashe ka, ka yi dariya.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi kana gona, waya kuma ba ta shiga. Da hantsi Rifkatu ta wuce ƙofar gidanmu a Wuro Patuji cikin a-kori-kurar kawunta. Ta leƙo ta ce in gaya maka sun yi hanyar Kwaja.

Na goya 'yata Hannatu, na riƙe hannun Mama, muka bi jama'a. Kowa yana fita daga gari, kai kaɗai na hango kana kutsawa ciki da gudu, laka har gwiwa. Tsakaninmu bai fi faɗin titi ba. Na kira sunanka. Ka ɗaga mini hannu ba tare da ka juyo ba, ka wuce.

Sau ɗaya na kira, Bitrus. Ban taɓa gaya wa Mama adadin ba. Ina tsoron in na saki hannunta a tattake ta, sai na ce a raina za ka tarar da gidan su Rifkatu a kulle ka biyo mu. A Kwaja na samu Rifkatu zaune kan buhu tana duba fuskar duk wanda ya iso. Bana shekara uku ke nan.

Har yau ban raba gardamar Malam da Mama ba. Wani lokaci ina jin haushinka sosai, don taku goma ne kawai. Wani lokaci haushin kaina nake ji. Amma na san ba wauta kaɗai ta kai ka ba, kana son yarinyar nan, kuma ina kewarka ƙwarai, ɗan'uwana.

Makon jiya Rifkatu ta zo ta durƙusa gaban Mama. Wani malamin firamare daga Gude ke nemanta, mutumin kirki, amma ta ce ba za ta amsa ba sai gidanmu ya sake ta. Mama ta dube ni. Na ce mata ta jira iya jira, ta je, Allah ya sa albarka. Ni na faɗa, in akwai laifi nawa ne.

To ga saƙona. In Allah ya dawo da kai ka ji ganga daga gidansu, ta biki ce, Rifkatu tana da rai, lafiyarta ƙalau. Kada ka ruga ko'ina. Gidanmu na nan bakin hanya, ina zama ƙofa da yamma ina ɓarar gyaɗa. Ka tsaya ka gaishe ni, zan gaya maka komai.

Ubangiji ya tsare ka in kana raye, ya ba ka hutu in kana wurinsa. Amin.

Yayarka,
Saratu