Awarwaron Hadiza

Ketare

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina sanyin Ingila, yaya Binta da yara? Allah ya sa kuna lafiya.

Yaya, a tsorace nake rubuto maka. Baƙon dauro ya kama ɗiyata Hadiza. Ƙurajen sun bushe, amma kullum ramewa take, ga zawo da tari. Malamin asibiti a Ƙanƙara ya ce garkuwar jikinta ta yi rauni, a ba ta ƙwai da nama. Inna ta ce atafau, ba a ba mai dauro nama, ƙwai kuma sata yake koya wa yaro. Koko kawai take sha.

Na tuna yadda ka bayyana mani bincikenka. Ka ce jiki yakan rushe abin da ya tsufa cikinsa kamar tsohuwar katanga, ya kwaɓa ƙasar ya sake gini, masu gadinsa kuma suna duba ɓaraguzan su gane ɓarawo, wato ƙwayar cuta. To, a jikin Hadiza rushewa kawai nake gani.

Ina ba ta ƙwai a ɓoye. Don Allah ka rubuto wa Inna da ajami, ta karanta da kanta. Maganarka kaɗai take ji.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida Binta. Kada ka yi jinkiri. Awarwaron da ka aiko wa Hadiza bara, jiya ya sulluɓe daga hannunta ya faɗi.

Ƙanenka,
Lawal