Mutane Sun Tare a Birnin Baba

Gwale, Birnin Kano

Zuwa ga Yayana Mikail,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Luba da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya ba ku haƙurin ruwan saman Fatakwal da ba ya gajiya da zuba. Mu nan kowa lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma zuwa Islamiyya. Jummai ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Jibrin, kuma hancinka ya ɗauko sak, Allah ya ba shi juriya. Na ji Abdulbaqi direba zai taso zuwa wajenku, shi ne na ce bari in zauna in rubuto maka, domin labarin da ke bakina yana da tsawo, kai kuwa a waya ba abin da ka iya sai cewa in taƙaita.

Ka san halin da ka tafi ka bar Baba a ciki. Tun da aka faɗaɗa titi aka cinye mana zaure, inda ya shekara da shekaru yana ɗinki abokansa suna kewaye da shi, bai sake leƙa ƙofar gida ba. Masallaci ma ta ƙofar baya yake bi, ya idar ya dawo kai a sunkuye. Amininsa Alhaji Sabo ya yi ta sintiri, kullum sai a ce masa Baba yana barci, har ya gaji ya daina zuwa. Likita ya ce hawan jinin nan ba ƙwaya kaɗai yake so ba, yana so Baba ya taka ƙafa ya zauna cikin mutane. Baba ya ji, amma ko gezau. Rigunansa duk suka yi masa yawa. Ba zan ɓoye maka ba Yaya, na tsorata ƙwarai, gani nake za mu rasa shi alhali yana zaune a tsakaninmu.

To, ka tuna tsohuwar kwamfutar da ka bar mini don in riƙa buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina? A cikinta na tsinci wasan nan naka na gina birni, wanda ake ba mutum fili fetal a ce ya yanka unguwanni, sannan ya jira mutane su zo su gina da kansu. Wata ranar Asabar da hantsi ina ta fama da shi a tsakar gida, sai na ji mutum tsaye a bayana. Baba ne, da buta a hannunsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wai wane irin mai gari ne zai kai kasuwa bayan gari, ko so nake mata su yi girki da la'asar. Kashegari shi ya zauna a kujerar. Da farko shi ke ba da umarni ni ina dannawa, amma hannun tela ba ya wuyar koyo, nan da nan ya ƙware da ɗan linzamin kwamfutar ya kore ni gefe.

Ya shafa kore inda yake son gidaje, shuɗi inda yake son kasuwa, ruwan ɗorawa inda masu sana'a za su zauna, ya gyara zama yana jiran baƙi. Shiru. Ko bukka ba a kafa ba. Na lura da wata 'yar alamar walƙiya tana ta ƙiftawa a kan filayen, na ce masa ina jin wuta suke jira. Baba ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin wanda ya jira wuta kafin ya tare a gidansa ba, ga mutane can a bayan gari sun gina unguwanni guda ko falwaya ɗaya babu, in duhu ya dame su ai sai su sayi fitila. Da na nuna masa wasan ba zai saurare shi ba, sai ya yi dariya. Rabona da jin wannan dariyar tun zaure yana tsaye. Muka kafa tashar wuta, muka ja waya, sai ga 'yan gidaje sun fara leƙowa. Ba su yi nisa ba suka tsaya, wai yanzu kuma famfo suke so. Baba ya tambaye ni da gaske ko garin ba shi da 'yan garuwa ne. Umma daga madafi ta ce waɗannan ai sangartattu ne, in aka kawo su Gwale ko mako ba za su yi ba. Haka dai muka binne musu bututu.

Matsalar da ta fi ƙarfina ta zo bayan nan. Baba ya yanka unguwarsa ne yadda ya san unguwa, dunƙule guda, gida jikin gida, titi ɗaya tak a can gefe. Sai mutane suka gina a bakin titin kawai, tsakiyar kuwa ta zauna wayam. Ni na san dalili. Mutanen wasan nan ba su san lungu ba, duk filin da ya yi nisa da kwalta ba sa kallonsa. Amma bakina ya yi nauyi, na yi ta kewaye-kewaye, har dai ya tsare ni da ido. Na ce masa sai an ratsa titi ta tsakiyar unguwar, kuma gidajen da suka tare hanya a bakin titi sai an sa musu katafila. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ture linzamin, ya ce ba a garinsa ba, ya tashi ya shige ɗaki. Ya yi kwanaki bai ko kalli inda kwamfutar take ba, abincin da ya fara ci ma ya koma taɓawa ya bari. Na ce a raina shi ke nan, ɗan abin da muka samu ya zube.

Ran nan na dawo daga makaranta da rana, sai na tarar da shi shi kaɗai a gaban kwamfuta, tabarau a ƙarshen hanci. Ashe ya gano wani ɗan tsukin fili tsakanin gidaje biyu da ba wanda ya gina, ta nan ya shigar da titinsa. Duk inda ya ci karo da gida sai ya karya kwana ya kewaye shi. Akwai wata 'yar bukka da ko akuya ba za ta sake a cikinta ba, ita ma sai da ya yi mata kwana. Titi ya fito a murɗe kamar hanji, da kai ne ka ja shi da na yi maka dariyar shekara. Amma Yaya, da ka ga abin da ya biyo baya. Gidaje suka riƙa tsirowa ta ko'ina, ƙanana suka zama benaye, rumfunan kasuwar da suka daɗe a bushe suka cika, masana'antu suka fara hayaƙi tunda ma'aikata sun sami hanyar zuwa. Baba ya ƙwala wa Umma kira ta zo ta gani, ta taho da ludayi a hannu. Ya nuna mata bukkar nan tana nan daram a tsakiyar benaye, ya ce ashe ana iya yi, in mai jan titin ya yarda ya wahala.

Da garin ya cika sai motoci suka fara cunkushewa a kwanonin nan nasa. Abin ya dame shi, ya yi ta gyara bai gyaru ba. Wata rana bayan sallar la'asar sai na ga ya ɗauki hula, ya ce bari ya je ya ga yadda masu adaidaita suke shan kwanar gidan mai a titin gaske. Ta ƙofar gaba ya fita. Na bi shi a hankali na laɓe a bakin ƙofa. Ya sauka kan kwalta, ya tsaya daidai inda keken ɗinkinsa yake zama a da, ya daɗe a tsaye, ababen hawa suna kauce masa. Alhaji Sabo ya hango shi daga tsallake. Bawan Allahn nan bai tambaye shi komai ba, benci kawai ya jawo ƙarƙashin rumfar mai shayi ya kakkaɓe masa. Suka zauna. Ina jiyo Baba yana kushe lambatun da aka yi, wai ya yi ƙanƙanta, damina ɗaya za ta tona masa asiri. Na koma ciki na yi kuka na ƙoshi, kukan daɗi, Umma tana yi mini tsiya alhali nata idon ya fi nawa ja.

Yanzu birnin ya sami mai ba da shawara. Kullum da safe Alhaji Sabo yana nan, suna musu a kan inda za a kai majema don kada wari ya kori mutane. Ni da kwamfutar sai dai kallo, tambayoyin jarrabawa da hannu nake rubutawa, don haka kada ka sa ran za ta dawo gare ka. Baba ya cinye tuwonsa jiya har ya nemi ƙari.

Ka gaida Anti Luba da kyau, ka ce yajin da kukar da ke cikin ƙunshin da na ba Abdulbaqi nata ne, kilishin kuwa na yara ne, ban ce naka ba. Ka shafa mini kan Nazeer da Zaituna. Umma tana sa muku albarka, Jummai da maigidanta Umar suna gaisuwa, Inna Uwani ta ce ta yi fushi ba ka neme ta ba. Baba ma yana gaishe ka, kuma ya ba ni saƙo in faɗa maka. Ya ce ka daina bugo masa waya da la'asar, lokacin ba ya gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Bahijja Isiyaku