Tsuntsu Mai Zura Allura

Daga Abijan zuwa Babankatami

Yaya Delu,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Ya yara da Gwaggo Saude? Allah shi jiƙan Inna.

Ni lahiya lau nike. Tarin nan dai bai sake ni ba, amma ina hita. Ina nan butik ɗin kayan kado, wato shagon kayan kyauta, muna saida agogo mai cara kamar zakara. Masu saye na ta dariya, ni ma ina taya su.

Ƙunshin da na ba Halidu direba na Inna ne, ban san zaman makoki zai tarar ba. Ɗan tsuntsu ne na roba. In aka sa allura a bakinshi aka danna wutsiya, sai ya zura zare. Tun da idon Inna ya raunana ni ke zura mata, kuma kin ce da na taho ta aje ɗinki.

Ki ba Gwaggo tsuntsun. Akwai wata allura da zarenta cikin takarda a ƙunshin, ita kuwa ki aje ta cikin kayan Inna. Wannan ba tsuntsu ya zura mata zare ba, ni ne.

Ƙanenki,
Barmo