Alƙalancin Burkutu a Barikin Jinga

Litinin, 4 ga Yuli, 1955

Yau Mai Lofe ya kira ni tantinsa. Shi ne Baturen injiniyan da ke kan aikin jingar nan ta gabas da Guri, wadda za ta tare ruwan kogi daga gonakin shinkafa. Na zaci maganar salgar leburori ce, tun da ni ne duba-garin da En'e ta turo bariki. Ashe ba ita ba.

Mata huɗu ke dafa burkutu a bayan bariki, don leburorin da ba Musulmi ba. Kullum faɗa a kan masu saye. Ya ce ya gaji. Ranar Asabar ta sama za a yi bikin gama aiki, zai sa su gasa, wadda ta ci ita kaɗai za a ba izinin bin bariki zuwa sabon aiki a wajen garin Baturiya. Alƙalai uku: shi, da Gwadabe heluma, shugaban leburori, da ni.

Na ce, ranka ya daɗe, ni Musulmi ne. Ya yi dariya, ya ce ba sai na sha ba. In duba launi, in shinshina, in ga tsabtar tukunya, in ba da maki cikin goma. "Ba aikinka ba ne duba abin da mutane ke sawa a cikinsu?"

Na ce to. Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Talata, 5 ga Yuli

Ban gaya wa matata Rahmatu ba. Yaya zan fara? Mahaifinta ne limamin unguwarmu a Guri. Surukin liman, alƙalin giya.

Bara a Haɗeja na ga an yi wa wani mahauci bulala tamanin a kan sha. Shaidu biyu kawai aka nema. Biyu.

Alhamis, 7 ga Yuli

Na zaga wurin matan, kamar yadda aka umarce ni. Sun jiƙa dawa, ta fara tsiro. Na tsaya nesa-nesa ina toshe hanci da hannun riga.

Tsohuwar cikinsu, Iya Yelwa, Bamagujiya ce daga yammacin Kano. Mijinta ya mutu, jikoki biyu take riƙo da wannan sana'a. Ta ga yadda nake ɗari-ɗari, ta ce, "Ɗan nan, ba ta cizo. In za ka yi mana shari'a, matso." Ta ɗebo ta jiya a ƙoƙo ta miƙo kusa da fuskata. Wai mai kyau ƙamshinta kamar kunun tsamiya da ya kwana, kumfarta na tashi a hankali, launinta na jar ƙasa. In ta wuce kwana sai ta yi hamami. Na shinshina. Allah na tuba, na gane abin da take nufi.

Rumfar Asabe ta fi kowacce cika. Kowa ya san Asabe ta Gwadabe ce. Ba ta ko ɗaga kai ta gaishe ni ba.

Asabar, 9 ga Yuli

Gwadabe ya tare ni a kan jinga, da rana tsaka, leburori na jido a ƙasa suna kallonmu. Ƙato ne, in ya tsaya gabanka sai ka ji iska ta ɗauke. Ya dafa kafaɗata kamar aboki.

"Malam, kai hanci gare ka, ni ke da harshe. Inda na sa hannu, nan za ka sa."

Na ce Bature ya ce kowa ya ba da abin da ya gani. Ya ce haka ne. Sannan ya ce akwai yaransa biyu Musulmi da suka gan ni ranar Alhamis da ƙoƙo a baki. A baki, in ji shi. Suna shirye su rantse gaban alƙali, amma shi ya hana su, don yana ganin girman Liman.

Na kasa cin tuwo. Rahmatu ta tambaya, na ce ciki ne.

Lahadi, 10 ga Yuli

Asabe zan ba nasara. Mene ne nawa a ciki? Giya dai duk giya ce.

Talata, 12 ga Yuli

Da ma ban bi ta bayan rumfarta ba. Na je duba kwatar da suke zubar da dusa, sai na ga ɓawon zaƙami a cikin toka, ƙaya-ƙaya, an fasa an kwashe 'ya'yan. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kowa a ƙasar nan ya san zaƙami, abin da ke haukata mutum.

Nan take Umara ya faɗo mini. Lebura ne, ɗan wajen Borno, yana sha a ɓoye. Watan jiya ya tuɓe riga yana kama abu a iska, yana cewa fari sun rufe shi, idanunsa sun buɗe kamar na mujiya. Ya ruga cikin fadama. Masunta suka tsamo gawarsa a tafki. Aka ce iska ce ta taɓa shi, ni ma haka na ɗauka. Daga rumfar Asabe ya fito ranar.

Na je wajen Iya Yelwa na tambaye ta a kaikaice. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta ce ita ba ta ga komai ba, jikoki gare ta. Ina juyawa sai na ji ta ce wa tukunyarta, ba ni ba, "Masu son kan maza ya juya, ƙulli suke jefawa a gindin randa."

Laraba, 13 ga Yuli

Na je in gaya wa Mai Lofe. Na tarar da shi da Gwadabe a bakin gaɓa suna duba sandar awon ruwa. Labari ya zo ruwa ya taso daga yamma, kuma akwai sauran gurbi a jinga. Hannunsa na kan bayan Gwadabe. In babu heluma babu aiki, kowa ya sani.

Mai Lofe ya ce, "Malam Shu'ibu, mene ne?" Gwadabe ya zuba mini ido.

Na ce maganin sauro ya ƙare.

Juma'a, 15 ga Yuli

Na bi Baba Liman sallah. Bayan an idar ya riƙe hannuna yana tambayar aiki, ya ce gobe mutanen gari za su je kallon kokawar leburori. Har shi an gayyata, amma ba zai je ba, zai tura ƙaninsa Ɗahiru.

Gobe duk leburorin nan za su sha daga randar da ta ci. Mutum wajen ɗari. Fadama ta fara cika.

In na yi magana kuma babu komai a randar fa?

Asabar, 16 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

An kafa rumfa a gindin tsamiya, tebur da kujeru uku. Randuna huɗu a jere, an rufe da faifai, an rubuta musu lamba da alli wai don kada mu san mai kowacce. Har yaran bariki sun sani. Mutanen Guri sun tsaya can gefe bayan an gama kokawa, na hango farin rawanin Malam Ɗahiru a cikinsu.

Ta farko ta yi ruwa-ruwa, launinta fari-fari. Na ba da huɗu. Mai Lofe ya kurɓa ya yatsina fuska. Ta biyu ta Iya Yelwa ce, kumfa na tashi, ƙoƙon a wanke tas. Na rubuta takwas, na rufe da tafin hannu. Gwadabe ya kurɓa ya tofar, ya ce da ƙarfi, "Wannan ai kunun jarirai ne." Yaransa suka yi shewa.

Aka buɗe ta uku, ta Asabe. Makaɗa suka ƙara wuta. Na kai ƙoƙon hanci. Ƙamshi kamar na sauran, sai dai can ƙasa akwai wani ɗan ɗoyi kamar ɗanyen ganye da aka murje. Ko tsorona ne ke shinshina, ban sani ba. Na lura da abu ɗaya: Gwadabe ya kai baki ya yi kamar ya sha, maƙogwaronsa bai motsa ba. Ya ce, "Goma!" Mai Lofe ya ajiye lofensa na shan taba ya ɗaga nasa ƙoƙon.

Na ji muryata ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka sha."

Kiɗa ya tsaya. Gwadabe ya miƙe. "Malam ya san daɗin giya ke nan? Ku ji fa, jama'ar Guri!" Asabe ta fasa ihu wai an ci mutuncinta, wai tsohuwa ta saye ni. Mai Lofe ya ce, "Me ka gani?" Ban ga komai ba. Abin da ya kashe ni ke nan.

Na tashi. Na nufi randar. Ban ko naɗe hannun riga ba, don na san in na tsaya naɗewa zan fasa. Na tsoma hannu cikin randar har kafaɗa. Na ji mutanen Guri sun ɗauki salati. Na laluba, dusa kawai, santsi, sanyi. Na ce shi ke nan, na hallaka a banza. Na sake zagawa da yatsu, sai na taɓa tsumma.

Ƙulli ne kamar ƙwan kaza. Na kwance shi a kan tebur, 'ya'yan zaƙami dakakku, wasu ba su ma fashe ba. Wani tsohon lebura ya leƙa ya ce, "Umara." Sunan ya bi bakin mutane har ƙarshen taro.

Ban san yadda aka yi 'yan doka suka fitar da Asabe da rai ba. Gwadabe ya rantse bai san komai ba. Mai Lofe ya sa aka kifar da randar, ya dube ni, fuskarsa ta yi fari fat, ya ce a ci gaba. Muka duba ta huɗu, rigata na ɗiga. Na ba ta shida. Iya Yelwa ta ci. Ba ta yi guɗa ba, zama ta yi a ƙasa ta rufe fuska da zane.

Da na waiwaya babu rawanin Malam Ɗahiru.

Lahadi, 17 ga Yuli

Rahmatu ta ɗauki rigar da sanda ta kai bayan gida. Ta ajiye tuwo ta koma ɗaki.

Talata, 19 ga Yuli

Baba Liman ya aiko. Na tarar da zaure cike da dattawa, ga yaran Gwadabe biyu a rakuɓe. Suka faɗi abin da aka koya musu, ɗayan yana kallon ƙasa.

Liman ya ce, "Malam Shu'ibu, ka sha?" Na ce wallahi ban sha ba. "Ka shinshina?" Na ce na shinshina. "Ka sa hannu?" Na ce har kafaɗa. Ya tambayi ƙaninsa abin da aka fitar daga randar, Malam Ɗahiru ya faɗa, ba da son ransa ba. Sai Liman ya sa aka ɗauko Alƙur'ani ya ajiye gaban yaran. Babu wanda ya miƙa hannu.

Liman ya sa aka ɗauke Alƙur'anin. Ya ce magana ba za ta je gaban alƙali ba. Amma wanda ya zauna kujerar yabon giya ya zauna, ko da ya ceci rai a kanta. In nemi gafara. Da aka kawo fura, ƙwaryata daban aka zuba mini.

Alhamis, 21 ga Yuli

An kai Asabe Haɗeja. Gwadabe na nan a kan aikinsa, ruwa ya iso gindin jinga, wa zai kore shi? Na gaishe shi, ya tofar da yawu. A kasuwa yara sun raɗa mini suna, Malam Mai Randa. Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 6 ga Agusta

Jinga ta riƙe. Jibi bariki zai tashi zuwa Baturiya. Mai Lofe ya ce in ina so zai rubuta a mai da ni Haɗeja, a turo wani. Na ce zan yi shawara.

Da hantsi matar wani lebura ta yi sallama a ƙofar gida, da ɗan tulu a ka. Wai burkutu ce mijinta ya sayo a wani ƙauye, tana tsoro, in duba mata kafin ya sha. A kan hanya muke, masu zuwa kasuwa na wucewa. Na buɗe, na shinshina, na sa ta tace a tsumma muka duba gindin. Na ce babu komai a ciki, sai dai ta wuce kwana, mai dafawar ma ba ta iya ba. Biyar zan ba ta.

Sai da ta tafi na ga Rahmatu a bakin zaure da buta da sabulu. Ta zuba mini ruwa na wanke hannu. Ta ce, "Malam, wai da gaske akwai sauro sosai a Baturiya?"

Na ce haka na ji. Ta ce to sai a sayi gidan sauro kafin jibi.