Jan Tsingaron Jaka ta Tara

Al-Shifa, Riyad
14 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga matata Hindatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kamil da Bilƙisu. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, an sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, ki kwantar da hankalinki.

Kin tambayi wanda nake tuƙawa yanzu. Wani tsoho ne ɗan Italiya, Farfesa Otabiyo, aikinsa tonon tsofaffin garuruwan Rumawa. Shekara talatin da takwas ya yi yana tono a Libiya, a can matarsa ta rasu, har yaƙi ya kore shi. Yanzu suna tona wani kufai a arewacin ƙasar nan, mu kwaso abin da aka samu zuwa gidan aikinsu a nan Al-Shifa.

Za ki yi dariya: tsingaro ne, irin wanda kike sharewa a bayan madafa. Amma kowace jaka da takardarta, an rubuta ramin da aka samo ta da zurfinsa. Ya ce tsingaron da ya rabu da takardarsa ya zama shara. Tun yana saurayi yake cewa tukwanen Rumawa sun iso hamadar nan a zamanin Annabi Isa, abokan aikinsa suna ce masa mafarki yake. Guntu ɗaya yake nema daga can ƙasan rami, domin zurfin ne ke nuna zamanin.

Ya ga littafin nan da nake rubuta abin da ya faru kullum, wanda kike yi mini tsiya a kansa. Ya ce da na wuce sakandare da ni zan gaje shi. Na san zolaya ce, amma na rubuta.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Isiyaku

9 ga Fabrairu, 2014

Hindatu,

Ina gaishe ki, ina fatan yara suna lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi.

An kwantar da Farfesa a asibiti kwana uku saboda ciwon zuciya. A rana ta biyu bututu ya fashe a ɗakin ajiya, ruwa ya jiƙa jaka goma sha biyu. Sauran ma'aikatan suna arewa. Kin san halina, ba na iya ganin ƙazanta in wuce. Na zazzage su a tsakar gida, na wanke, na shanya a tabarma, manya gefe ɗaya ƙanana gefe ɗaya. Takardun sun jagwalgwale, na zubar. Sai da na tsaya ina yaba aikina maganarsa ta faɗo mini.

Cikinsu akwai wani guntu ja mai sheƙi, laka ta ɓoye shi sai da na wanke. Da Farfesa ya dawo ya gan shi, ya ce na Rumawa ne. Shi ne abin da yake nema. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: daga wace jaka? Na buɗe littafina, na tarar na rubuta, “Ina jin daga jaka ta tara.” Ita ce ta ƙasan ramin.

Kwana uku yana tambayata, a mota, a wajen shayi. Ya ce idan na tabbata zai rubuta, maganata ta ishe shi. Hindatu, idona yana ce mini ta tara ce, amma ta takwas ma a lokacin na zazzage ta. Na so in ce masa eh, wallahi na so. Na ce ban tabbata ba. Ya daɗe yana kallon guntun, sannan ya rubuta sabuwar takarda da hannunsa cewa ba a san zurfinsa ba.

Jiya na kai shi filin jirgi. Likita ya hana shi tono. Ya rungume ni, ni kuwa na kasa kallon fuskarsa.

Ki saka ni a addu'a.

Isiyaku

21 ga Satumba, 2014

Hindatu tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji Inna ta fara takawa, alhamdu lillahi.

Farfesa ya rasu a watan Yuni, a garinsu. 'Yarsa ta aiko mini da rahotonsa na ƙarshe. Da Turanci ne, na karanta a hankali. Hoton guntun yana ciki, amma bai ce ya tabbatar da komai ba. A shafin godiya ya saka sunana, ya ce direbansa ya faɗi iya abin da ya sani.

Kin rubuto cewa na yi daidai, in daina cin raina. Wataƙila. Amma ni na wanke jakunkunan, kuma mutumin ya tafi ana ce masa mai mafarki. Nakan buɗe shafin nan na littafina in ɗora babban yatsana a kan “ina jin”, in karanta sauran. Sai in ɗauke yatsan, kalmomin suna nan.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Isiyaku