Hoton Inna Ya Ƙi Fitowa

Assalamu alaikum, Anti Tahira. Don Allah ki taimake ni, dabara ta ƙare mini.

Ni mai ɗaukar hoto ce a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Biki ko suna, duk gidan da namiji ba zai shiga ba ni ake kira. Amma mahaifiyata ba ta da hoto ko ɗaya, in ban da na katin zaɓe. Da tana da lafiya, ina ɗaga kyamara za ta ja mayafi ta kore ni. Tun kaka ɓarin jikinta ya shanye, asibiti sun ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Sai yanzu ta ce in ɗauke ta, saboda 'ya'yan yayata Juwairiyya da ke Legas, waɗanda ba su taɓa ganin ta ba.

Ɗakinta na ƙasa ne, tagar kamar tafin hannu, bangon baƙi ƙirin don shekarun da ta yi tana suyar ƙuli-ƙuli a ciki da damina. Fito da ita tsakar gida azaba ce gare ta. Sau ɗaya na gwada filasha, wato fitilar kyamara mai walƙiya, ta firgita har da hawaye, na ce ba zan ƙara ba. Na je Kano na sayo gilashin kyamara mai buɗewa sosai, irin wanda ke jawo haske a wuri mai duhu. Haske kam ya samu, amma in hanci ya fito tas sai idanu su dushe, ga kanta kullum yana rawa. Hotuna guda uku sun fito sarai, sai dai ba Inna ba ce, wata tsohuwa ce mai karkataccen baki, na goge su. Ko akwai gilashin da ya fi wannan? Kullum ƙara ramewa take, ni kuwa har na fara tsanar sana'ata.

'Yar'uwarki daga Ɗanbatta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna sauƙi.

Gilashinki ba shi da laifi. Haka yake, in an buɗe shi har ƙarshe wuri kaɗan yake kamawa. Ki ɗan rage buɗewar, ki ja da baya, ki saita a kan idonta da ya fi kusa da ke. Ki bari sai da hantsi, a ɗage labulen ƙofa, wani ya riƙe farin zane ta ɗaya gefen don ya mayar mata da haske. Ki tokare kanta da matashi, ki ƙara saurin ɗauka ko da hoton zai yi yashi-yashi.

Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kin riga kin samu hoton har sau uku. Ban ga laifinki ba, kowace 'ya tana so a tuna uwarta da ƙarfinta. Sai dai waccan fuskar ta wuce, babu gilashin da zai dawo miki da ita, a Kano ko a ko'ina. Inna ta san yadda ta koma, kuma a hakan ta ce ki ɗauke ta. Kada ki hana ta abin da ta roƙa.

Ki ɗauka gobe, kada ki jira ta ji dama-dama. Wanda ya fito, in ba za ki iya kallon sa ba, ki tura wa Juwairiyya kafin hannunki ya kai ga gogewa. Allah ya sassauta mata, ke kuma ya ba ki juriya.