Ƙarfen Jan Mota Ya Lanƙwashe a Gonar Dankali

Tignish, Tsibirin Prince Edward
14 ga Agusta

Zuwa ga yayata Lucille,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da Fernand da yara. Allah ya ba Fernand sauƙin ciwon bayan nan, ya tsare ku a can Alberta. Baba lafiyarsa ƙalau, na baro shi yana rigima da maƙwabcinsa a kan shinge. An sallami Inna Yvette daga asibiti, har ta fara fita lambu.

Kin san mijina Normand ya daɗe yana so mu saki gidan hayarmu na Moncton, mu tare a babbar motarsa mai gado da kicin, mu riƙa yawo. Na yi masa alkawarin amsa kafin mu bar tsibirin nan, domin wanda ya ba mu hayar gidan yana jiran jin ta bakinmu a ƙarshen wata. Haka muka taho, 'yar ƙaramar motata ɗaure a baya tana biye da mu. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan tafiya mace takan tsaya ta kalli teku, nan take zuciyarta ta gaya mata abin yi. Ni kwana shida ina kallon tekun, abin da na gano kawai shi ne idan Normand ya juya a gado, har cokula sai sun yi ƙara.

Ranar Talata na hangi wata hanyar jar ƙasa wadda itatuwa suka yi mata rumfa, irin ta cikin labari, na ce mu shiga. Ya ce ba ta cikin taswira, amma tunda gimbiyar littattafai ta yi umarni, shi wane ne. Bayan kilomita uku hanyar ta ƙare a bakin gonar dankali. Ke ma kin san ƙa'ida: muddin ƙaramar mota na ɗaure, babbar ba ta ja da baya, sai an sauka an kwance. Na tuna masa. Ya ce shekararsa goma yana wannan tuƙi, taku biyu kawai zai ja da baya. A na biyun tayoyin gaban ƙaramar suka karkace, ƙarfen da ke jan ta ya lanƙwashe.

Mai gonar, wata dattijuwa Madam Gaudet, ta iso a kan tarakta. Ta dubi ƙarfen, ta dubi Normand, ta tambaye shi ko shi ma ɗan taku biyu ne, domin shi ne na huɗu a bana. Ta juyo gare ni ta ce, 'yata, ke kika zaɓo shi da idonki ko haɗa miki aka yi da motar? Da guduma ta raba motocin, ta kuma ba mu dankali, wai na jaje.

Tun ranar muke tafiya a rabe, shi a gaba, ni a baya cikin ƙaramar. Wani lokaci nakan bar shi ya yi nisa, in tsaya a gindin wani coci in karanta babi ɗaya, babu mai tambayata me nake tunani. Da yamma idan na isa masauki na tarar ya shimfiɗa rumfa ya ɗora shayi, nakan ji daɗin ganinsa fiye da kwanakin farko. Ba wani abu ba ne da ya isa a sa a littafi. Na dai lura da shi.

Jiya na ba shi amsa. Na ce zan bi shi yawo kowace bazara, amma ba zan saki gidan ba, ina son ɗakin da zan shiga in rufe ƙofa. Ya daɗe yana goge faranti ɗaya, sannan ya ce ai ya sani, tun ranar da ya hango ni ta madubi ina waƙa ni kaɗai, alhali a kusa da shi sai hamma. Ya ce in kira mai gidan hayar in gaya masa muna nan. Yau da safe na kira.

Sabon ƙarfe ya iso daga Charlottetown tun shekaranjiya. Yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin tebur, kullum muna tuntuɓe da shi. Gobe za mu kama hanyar gida, kuma har yanzu a cikinmu babu wanda ya ce a ɗaura shi.

Ki gaishe mini da Fernand, da Colette, da ƙaramin Rémi. Normand yana gaishe ku, ya ce kada ki ba Fernand wannan labarin. Ki ba shi.

Taki ƙanwa,
Odile